Ba Takarda, Ba Kaya

A masana'antar katakon nan babu wanda bai taɓa shan faɗan Mama Sito ba. Shekara goma sha tara ke nan tana zaune a bayan tagar sito, makullai rataye a wuya, tabarau a can ƙarshen hanci. Ƙusa guda ba ta fita ta tagar nan sai da 'yar takarda mai sa hannun maigida, dokar da shi maigidan ya kafa. Ka zo da gudu, ka zo da lallami, ka zo kana rantse-rantse, amsar ɗaya ce: "Ba takarda, ba kaya." Kafintoci sun laƙaba mata sunaye iri-iri a bayan idonta. Amma da zarar gardama ta kaure a kan wa ya ɓatar da guduma ko wa ya karya sifana, tagar dai suke dosa, don kowa ya san matar nan ba ta ƙara wa magana gishiri. Kirista ce, ba kuwa irin masu tare mutum da wa'azi a bakin aiki ba. Ita abin da ta riƙe shi ne, bakin da ya kira sunan Yesu da safe ba ya ɗaukar ƙarya da rana. In za a faɗi gaskiya, tana ji da wannan suna nata na mai gaskiya, har ji da shi ɗin ya ɗan yi yawa.

Maigidan wan mijinta ne, kuma dattijo ne a majami'arsu, shi ya sa yaro da babba Dattijo suke ce masa. Shi ya ba ta siton lokacin da ƙanensa ya rasu ya bar ta da 'yan biyu mata suna rarrafe. Da aikin nan ta raine su, da shi kuma take riƙe da su yanzu a makarantar koyon aikin jinya, saura musu shekara guda su gama. Dattijo ba mugu ba ne. Mutum ne dai da in aiki ya shaƙe masa wuya, sai ya manta da abin da ya faɗa a gaban jama'a ranar Lahadi.

Aikin ya shaƙe shi ne wata uku da suka wuce, da ya sami kwangilar bencina da teburan makaranta. Babban injin zarto yana da wani murfin ƙarfe da ke rufe haƙoransa don kada hannu ya kai gare su. Murfin yana cin lokaci, domin duk sanda kaurin katako ya canza sai an tsaya an daidaita shi. Dattijo ya sa aka kwance shi, ya rungumo shi da kansa ya kawo taga.

"Ajiye mana wannan, ƙanwata, sai kwangila ta fita."

Ta ajiye shi a kanta ta uku, bayan gwangwanayen fenti. Ita dai aikinta ajiya ne.

Mai aiki da injin wani dogon mutum ne da ake kira Rediyo, saboda bakinsa ba ya mutuwa tun daga buɗe ƙofa har a tashi. Wata Talata da safe ya leƙo taga, garin katako har a girarsa.

"Mama, taimaka min da murfin nan. Katakon yau ɗanye ne, fizgar hannu yake yi."

"Ina takarda?"

"Dattijo ya fita, sai da rana zai dawo. Ki ba ni, in ya dawo zan kawo miki takardar yau har da ta gobe."

"Ba takarda, ba kaya."

"Haba Mama! Ke ranar da kika isa ƙofar sama ma, sai kin tambayi mala'ika takardarsa."

"Ni dai da tawa zan je. Matsa, kana tare min iska."

Ya tafi yana dariya. Ita ma ta ɗan murmusa, don ta ji daɗin amsar da ta ba shi. Babu kowa a wurin sai su biyu.

Ba a yi awa guda ba ta ji ƙarar injin ta canza, sannan ta ji wata irin murya da ba ta taɓa sanin Rediyo yana da ita ba. Yatsu uku ne suka tafi, na hannun dama. Da aka zo wucewa da shi ta gaban taga, an naɗe hannun da rigar wani, idonsa ya haɗu da nata. Mutumin da bakinsa ba ya mutuwa bai ce mata komai ba. Ta juya ta dubi kanta ta uku, sannan ta zauna a kan buhun ƙusoshi.

Kwana biyu bayan haka wasiƙa ta zo daga ofishin da ke kula da lafiyar ma'aikata, za a turo mai bincike ranar Litinin ta sama. A ranar Dattijo ya zo taga. Ya san halin kayarsa, don haka da 'yar takardarsa ya zo, ya cike ta tsaf ya sa hannu: murfin zarto, guda ɗaya. Ta karanta, ta miƙa masa kayansa, ta soke takardar a ƙusar da take soke sauran. Kafin a tashi murfin ya koma kan injin, an goge shi har yana ƙyalli.

Daga nan aka buɗe aji. Ɗaya bayan ɗaya Dattijo yake kiran ma'aikata ofis, kowa ya fito kansa a ƙasa da karatu ɗaya a baki: murfi bai taɓa barin injin ba, Rediyo ne ya kwance shi da kansa a safiyar don ya gama da wuri. Kada a yi saurin zaginsu. Mutum ashirin da shida ne, kowa da bakunan da ke jiransa a gida, kuma an gaya musu in gaskiya ta fito garƙame wurin za a yi. Mama Sito kaɗai ba a kira ba. Dattijo ya san ba a ofis ake irin wannan magana da ita ba.

Ranar Juma'ar da ta rage kwana uku a zo bincike, wata siririyar mace ta tsaya a taga da kwandon kwanukan kai abinci asibiti a hannu.

"Mama, ina wuni. Ni ce matar Rediyo."

"Na gane ki, 'yata. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Sai dai ya daina surutu." Ta duba dama da hagu, ta rage murya. "Mun ji abin da ake ƙullawa. Wai shi ya cire. In aka rubuta haka shi ke nan, ba hannu, ba aiki, ga baƙin suna. Na yi ta kuka, sai ya ce in share hawayena, ai Mama Sito tana nan. Ya ce ko duniya za ta taru a kanki ba za ki ce fari baƙi ne ba."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

"Bai ce miki komai ba kuma?"

"Kamar me, Mama?"

Mama Sito ta cire tabarau, ta goge shi da bakin zane, alhali ba abin da ya same shi. "Je ki," ta ce. "Abin da na sani zan faɗa."

Matar ta zuro hannu ta taga ta kama nata, ta riƙe da hannu biyu tana zuba mata albarka, Allah ya raya mata 'yan biyu, Allah ya ƙara irinta a duniya. Kowace albarka kamar bulo ake ɗora wa Mama Sito a ƙirji. Ashe Rediyo bai faɗa wa kowa ba. Ko matar da ke wanke masa ciwo bai faɗa wa ba.

Ranar Lahadi Dattijo ne ya jagoranci addu'a a majami'a, kuma ya yi ta da kyau, har wasu mata suna share ido. Da yamma sai ga motarsa a ƙofar gidanta. Falon nata ɗan ƙarami ne, kujeru uku, keken ɗinki a lungu an lulluɓe shi da tsohon labule, sai hoton aurenta a bango, inda shi Dattijon yake tsaye a bayan ango da gashinsa baƙi wuluk. Ta kawo masa ruwa a kofin gilashin da take ajiye wa baƙi, ta zauna a bakin kujera.

"Ƙanwata, gobe mai binciken nan za ta zo."

"Na sani, Yaya."

"Dole ta neme ki. Duk kayan aiki ta hannunki suke bi."

"Ina nan ai."

Ya juya kofin a tafin hannunsa. "Ban zo in ce ki yi ƙarya ba. Ni? Allah ya sawwaƙe. Ki ce dai ba ki tuna ba. Kaya nawa ke shiga da fita a siton nan? Wa zai ga laifinki?"

"Ai na tuna. Kanta ta uku, bayan fenti. Kai ka kawo shi, kana sanye da rigarka mai ruwan toka."

"To kada ki zo. Ki huta kwana biyu, a ce ƙafar nan taki ce ta tashi."

"Ƙafata lafiyarta lau. In aka ce ta tashi, ita ta yi ƙarya ko ni?"

Dattijo ya dire kofin har ruwa ya fantsama. "Mutum ashirin da shida! Ki zuba su a titi saboda taurin kanki? Ni zan kula da Rediyo ta bayan fage. Ba zai rasa abinci ba muddin ina da rai."

"Ka kula da shi ta gaban fage mana. Injinka ya cinye masa hannu, yanzu kai za ka cinye masa suna, sannan ka riƙa aika masa da sadaka yana durƙusawa yana gode maka."

"Ki iya bakinki!"

"Ƙoƙarin da nake yi ke nan, Yaya."

Ya miƙe, ya nuna hoton da ke bango. "Da ƙanena yana raye..."

"Kada ka sa shi a ciki. Ya huta."

"To bari in sa waɗanda ke raye. Wa ya riƙe ki shekara goma sha tara? Yaran nan saura musu shekara guda. Ki yi tunani da kyau. Makullan da ke wuyanki ba da su aka haife ki ba."

"Kai ma ba da masana'anta aka haife ka ba." Ita ma ta miƙe, ko kafaɗarsa ba ta kai ba, amma ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido. "Ka riƙe ni, na gode, kuma har in mutu ina godiya. Amma ɗazu da safe kai ka tsaya a gabanmu ka roƙi Ubangiji ya tsarkake mana harsunanmu. Na ce amin. Ni da gaske na ce, ban san kai wasa kake yi ba."

Ya fita ko sallama babu, ya bar ƙofar a buɗe.

Da ƙarar motar ta yi nisa, jarumtar ta bi ta. Tsoro ya kama Mama Sito, tsoro na gaske. Shekararta hamsin da uku, ba ta iya komai ba sai tsaron sito, ga baki kamar reza. Wa zai ɗauke ta? Me za ta ce wa yaran in suka dawo hutu suka tarar da ita a gida da rana tsaka? Ta zauna tana kallon ruwan da ya zube a kan tebur har ya fara bushewa.

Amma ba tsoron Dattijo ne ya fi cinta ba. Maganar murfi za ta faɗe ta, wannan ta gama yanke shawara. Maganar safiyar Talata ce ta hana ta sakat. Ba wanda ya ji, ba wanda ya gani, mai abin ma ya rufe bakinsa. In ba a tambaye ta ba, don me za ta faɗa? Shiru ai ba ƙarya ba ne. Ta maimaita wa kanta haka sau uku, a na ukun sai ta ji muryar tana kama da ta Dattijo. Ta durƙusa a gaban kujera ta yi addu'a, ta roƙa wa Rediyo sauƙi, ta roƙa wa yaranta nasara, har Dattijo ta roƙa wa shiriya. Safiyar Talata kuwa ta kewaye ta, kamar yadda mutum ke kewaye kwata a hanya.

Mai binciken mace ce, ba ta fi shekara talatin da biyar ba, da hular kwano a hammata da babban littafi. Ba ta yarda a kai ta ofis ba. Ta sa aka ajiye mata tebur a tsakiyar masana'anta, dab da injin, aka kashe injuna, wurin ya yi tsit har ana jin ƙugin fanka. Matar Rediyo tana zaune a kan benci a madadin mijinta. Dattijo yana tsaye a gefe, hannuwa a baya.

Ma'aikata suka zo ɗaya bayan ɗaya suka biya karatu. Da aka kai na tara, mai binciken ta ajiye biro ta dube su. "Ikon Allah. Duk makaranta ɗaya kuka yi?" Ba wanda ya yi dariya. Ta ce a kira mata mai sito.

Mama Sito ba ta yi sauri ba. Sai da ta rufe taga, ta datse ƙofa da kwaɗo, ta ja shi ta tabbatar ya kama, sannan ta taho tana taka garin katako, duk idanu a kanta.

"Mama, ke ce mai kula da sito?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Murfin nan da ke kan injin, kin taɓa ganinsa a wani wuri?"

Dattijo ya yi gyaran murya. Ba ta ko dubi inda yake ba.

"Wata uku yana wurina. Maigida ne ya kawo min shi da hannunsa, ya ce in ajiye sai kwangila ta fita. Ranar da abin ya faru yana sito, ba a kan injin ba. Bayan kwana biyu maigida ya zo ya karɓa. Ga takardar, da sa hannunsa da kwanan wata."

Ta ajiye 'yar takardar a kan littafin. Dokar da Dattijo ya kafa da kansa ce ta kama shi, kuma kowa a wurin ya gane haka. Wani ya ja dogon numfashi. Matar Rediyo ta ɗaga hannuwa sama, hawaye na zuba, bakinta yana motsi. Mai binciken ta karanta takardar sau biyu, ta ɗaga murya yadda na can bakin ƙofa zai ji.

"Ina so kowa ya buɗe kunne. Duk wanda ya taɓa aikin matar nan saboda wannan shaida, da ofishinmu zai yi. Mama, na gode, za ki iya tafiya."

Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Mama Sito. Ta tsira. Ga gaskiya ta faɗa, ga aikinta a hannu, ga sunanta ya ƙara tsawo. Ta juya ta nufi sito, makullai suna kaɗawa a ƙirjinta, har ta fara tunanin yadda za ta ba 'yan biyu labari.

"Ranki ya daɗe." Muryar Dattijo ce, ta yi laushi kamar ba shi ba. "Na amsa, ni na sa aka cire. Amma a rubuta wannan ma. Mutumin nan shekara goma sha biyu yana kan injin nan, ya fi ni sanin haɗarinsa. Wata uku, ko sau ɗaya bai buɗe baki ya ce a mayar ba. Shi ma haka ya fi so, don ya fi masa sauri. In laifi ne, a raba mana shi biyu."

Mai binciken ta dubi ma'aikatan da ke jere. "Akwai wanda ya taɓa jin ya nemi a mayar?"

Ba wanda ya amsa, kuma wannan karon ba ƙarya suke yi ba, ba su ji ba. Ba da Mama Sito ake ba, ita an riga an sallame ta, bayanta ma ta ba su. Taku biyar ya rage ta kai ƙofarta. Ta ji biro ya fara tafiya a kan takarda. Ta tsaya. Haushi ne ya fara zuwa mata, haushin Dattijo, haushin Rediyo da ya rufa mata asirin da ba ta roƙa ba, haushin kanta da murmushin da ta yi a safiyar nan. Sannan ta juyo.

"Ya nema."

Biro ya tsaya.

"Ranar Talatar, da safe, ko awa guda ba a yi ba abin ya faru. Ya zo taga ya ce min katakon ɗanye ne, yana fizgar hannu, in ba shi murfin. Na ce ba takarda, ba kaya. Ya roƙe ni, na ce ya matsa yana tare min iska. Murfin yana bayana, hannu kawai zan miƙa. Ni na hana shi. Ba ruwansa da laifin nan ko na ƙwayar zarra. In rabawa za a yi, tsakanina da maigida za a raba."

Matar Rediyo ta sauke hannuwanta a hankali.

"Mama," mai binciken ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "kin san abin da kike faɗa? Wannan ba shaida a kan wani ba ce. A kan wannan ba ni da ikon kare ki."

"Ban ce ki kare ni ba, ranki ya daɗe. Cewa na yi ki rubuta."

Ta rubuta. Ta rubuta cewa Rediyo ba shi da laifi, ta sa aka ɗaure wa babban injin sarƙa sai an sake dubawa, ta ce wa Dattijo za a kira shi ofis. Masana'antar dai ba a garƙame ta ba, abin da aka yi ta tsorata mutum ashirin da shida da shi.

Motar mai binciken ba ta gama fita daga ƙofa ba Dattijo ya tako har gaban sito, ya miƙa tafin hannu a gaban kowa.

"Kin ji da kunnenki. Ba don shaida na sallame ki ba. Ma'aikaciyar da ta hana mutum abin kare kansa ba ta da wuri a nan."

"Gaskiya ne, Yaya. Yau dai ka faɗi guda ɗaya."

Ta zare igiyar makullan ta saman ɗankwali ta ɗora masa a hannu. Dattijo ya matso, ya yi magana yadda ita kaɗai za ta ji, kuma abin mamaki muryarsa ta fi kama da ta mai baƙin ciki.

"Kin riga kin tsira. Kin kayar da ni, kin tsira. Me ya dawo da ke?"

"Kai ka dawo da ni."

Ta ɗauki jakarta da lemarta ta ratsa tsakiyar masana'anta. Kafintocin da suka shekara suna shan faɗanta suka dare mata hanya, ba mai iya haɗa ido da ita. Kanta a sama ta fita, amma da ta taka titi sai ta ji wuyanta wayam, ta ji kuma girman abin da ta yi wa 'ya'yanta. Ta so ta yi kuka. Ta haɗiye shi, don akwai masu leƙe ta katanga.

A wurin jiran mota ta tarar da matar Rediyo, kwandon kwanuka a ƙafarta. Babu wani wurin tsayawa, sai ta tsaya kusa da ita. Matar ba ta juyo ba, titi take kallo.

"Na riƙe hannunki," ta ce. Ba Mama a bakinta yanzu. "Na riƙe hannunki ina sa miki albarka, kina kallona."

"Haka ne."

"Kwana goma sha uku ko leƙo shi ba ki yi ba. Ina ta ba ki uzuri, wai aiki ne ya yi miki yawa."

"Ba aiki ba ne. Kunya ce, da tsoro."

"Da kin bar bakinki a rufe, da har in mutu ina yi miki addu'a."

"Da wata mata kike yi wa, 'yata, ba ni ba."

Sai a lokacin matar ta juyo, idanunta jajur. "Kada ki ɗauka na yafe."

"Ban roƙa ba tukuna. Ba ke zan fara roƙa ba."

Mota ta tsaya, direba yana kiran masu zuwa asibiti. Matar Rediyo ta ɗauki kwandonta ta shiga. Da ta waiga sai ta ga Mama Sito ta kama ƙarfen ƙofa tana cicciɓo ƙafa.

"Ina kuma za ki?"

"Gado na nawa yake?"

Motar ta tashi, har aka wuce shatale-tale matar tana kallon titi. Ba ta matsa mata wuri ba, Mama Sito kuma ba ta nema ba, a tsaye take tana riƙe da ƙarfe.

"Na bakwai," matar ta ce daga ƙarshe. "Duk wanda ya zo dubiya fuskarsa yake kallo, ya kau da kai daga hannun. Ke in kin shiga, hannun za ki kalla."

"Zan kalla," in ji Mama Sito.